Babin da Ya Kori Malam Nafi'u daga Garinmu

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni hankalinku. Labarin da zan ba ku ba na jin daɗin bayar da shi, don ni ma ina ciki, kuma ba a wurin da mutum zai yi alfahari ba. Na zaɓe ku ne saboda ku ba 'yan garinmu ba ne. A can duk wanda na tambaya, ko ƙaninsa ya yi jifa a ranar, ko surukinsa aka jefa. In na gama akwai tambaya, kuma ba zan tashi daga tabarmar nan ba sai kun ba ni amsa.

Garinmu ƙarami ne, sakandare ɗaya gare mu, ta gwamnati, maza da mata a haɗe. Ni ne shugaban kwamitin iyayen yara a lokacin, shekara tara ina riƙe da kujerar. Aka turo mana wani malamin bayoloji, wato ilimin halittu, mai suna Malam Nafi'u. Siriri ne, mai sanyin murya, izu sittin a kansa. In an tashi sallar azahar a masallacin makaranta, shi ake turawa gaba. Ya zo da matarsa Zulai, aka ba su ciki da falo a gidajen malamai da ke cikin makarantar.

Bai daɗe ba ya yi abokai uku, duk sun girme shi. Na farko shugaban makarantar ne, Malam Tukur, mutum mai son tsari, wanda saura masa kusan shekara uku ya yi ritaya. Na biyu limamin Juma'armu, Malam Sa'adu, wanda ya gaji limanci daga mahaifinsa, shi ma daga nasa mahaifin. Na uku Iliya direba, Kirista ne ɗan asalin garin, dattijo a cocinsu, yana da a-kori-kura da yake kai albasa kasuwannin ƙauye. Kusan kullum bayan la'asar za ka same su su huɗu a gindin darbejiyar ƙofar gidan Malam Tukur, ƙwaryar fura a tsakiya. Mu kanmu mukan nuna su ga baƙi, mu ce ku ga yadda ake zaman lafiya a garinmu.

To, a littafin bayoloji na 'yan aji shida akwai wani babi can kusa da ƙarshe, wanda yake bayanin yadda masu kimiyya suke ganin halittu suna sauyawa a tsawon zamani. Malaman da aka yi kafin Nafi'u, Musulminsu da Kiristansu, duk wanda ya iso wurin sai ya naɗe shafukan ya wuce. Babu wanda ya sa su, babu kuma wanda ya tambaye su. Amma masu shirya jarrabawar fita ba ruwansu da naɗe shafi. Tambaya takan fito daga babin, yaranmu su bar wurin fili. Shekarar da sakamako ya fi muni, mu 'yan kwamiti muka ɗunguma ofishin Malam Tukur. Da hannuna na buga teburinsa. Na ce muna son 'ya'yanmu su zama likitoci kamar na kowa, don haka duk abin da ke cikin manhaja a koyar da shi, kada a tsallake ko layi ɗaya. Wallahi ban san abin da ke cikin manhajar ba, kuma ban tambaya ba.

Malam Tukur ya rubuta umarni ya sa hannu, ya manna a allon ɗakin malamai. Nafi'u ya karanta, ya bi shi ofis.

"Yallaɓai, har da babin nan?"

"Har da shi. Ga sa hannuna nan, kowa ya gani."

Yadda ya koyar da babin, daga baya na sa an karanta mini littafin rubutun wata ɗaliba daga farko har ƙarshe, saboda haka ba jita-jita nake ba ku ba. Da sauro ya fara. Ya tambayi yaran me ya sa maganin feshin da a da yake kashe sauro, yanzu a wasu wurare ba ya yi musu komai. Ya ce a cikin sauro dubu akwai 'yan kaɗan da jikinsu yake jure maganin. Sauran su mutu, waɗannan su hayayyafa, bayan shekaru sai ka tarar jikokinsu ne suka cika gari. Ya kawo misalin manomin da yake ware zangarniyar gero mafi kyau ya ajiye iri. Sannan ya ce masu kimiyya suna cewa in irin wannan ya ɗauki zamani mai tsawon gaske, halittu sukan rarrabu su zama iri-iri. Ya jera hujjojinsu: ƙasusuwan da ake tonowa a cikin duwatsu, da kamannin da ke tsakanin jikin dabbobi. Ya ce a wurinsu mutum da manyan birai suna da tushe ɗaya can da nisa, amma ba su ce biri ne ya haifi mutum ba. Ya sa yaran suka ja layi a ƙarƙashin wannan.

Wani ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka yarda da wannan?"

Amsar da ya bayar, yarinyar ta rubuta ta a gefen shafi. Ya ce, "A ajin nan aikina in faɗa muku abin da masu binciken suka ce da dalilinsu, ku fahimce shi sosai, don za a tambaye ku, kuma za ku haɗu da shi a gaba ko ina nan ko ba na nan. Ni dai ban taɓa duba halitta a madubin gwaji ba sai na ji girman Allah ya ƙaru a zuciyata. Abin da ya shige muku duhu tsakanin wannan da karatun addini, ku rubuta, mu je wurin malamanku tare."

Sai dai a littafin bayolojin akwai wani zane: biri a durƙushe, na gabansa ya ɗan miƙe, na gaba ya ƙara miƙewa, har zuwa mutum a tsaye. Nafi'u ya ce musu zanen yana ruɗarwa. Amma kun san yara da son zane, kusan dukansu suka kwafe shi.

Ɗalibar da nake faɗa muku ita ce Rifkatu, 'yar Iliya. Ran Talata ubanta ya dawo daga kasuwa ya tarar da littafinta a buɗe kan benci. Shi ba ya karanta Turanci, zanen kawai ya gani. Ya daka mata tsawa ya ce mene ne wannan. Ta tsorata, ta ce darasin asalin mutum ne da Malam Nafi'u ya yi musu. Bai jira ta ƙarasa ba, ya yage shafin ya fita. Gidan Nafi'u ba shi da nisa da nasa, kuma ya san hanya ko da idonsa a rufe. Bai je can ba. Tasha ya nufa, ya nuna wa direbobi, daga nan ya wuce zauren liman.

"Allah gafarta Malam," in ji shi, "a kan wannan dai mu da ku ba mu rabu ba. Daga ƙasa aka yi Adamu. Dubi abin da ake cusa wa 'ya'yanmu."

Kafin magariba maganar ta zaga gari. Ran Talata cewa ake yi malamin ya ce asalin mutum biri ne. Ran Laraba ta koma ya ce ba a yi Annabi Adamu ba. Ran Alhamis har akwai masu rantsuwa cewa zagi ya yi, alhali ko ƙofar ajin ba su taɓa takawa ba.

Kada ku ɗauka mahaukata ne mu. Tsoronmu yana da tushe. Uba ya tura ɗansa boko da safe, ya tura shi Islamiyya da yamma, ko cocinsu ran Lahadi. Can a ce masa ga yadda aka yi mutum, nan a ce masa ga abin da masu bincike suka ce, kuma na nan ɗin shi ake ba wa maki. Yaro ɗan shekara sha bakwai wanne zai riƙe? Mu da yawanmu ba mu yi karatun da za mu zauna da shi mu warware masa ba. Mutum yana ji kamar an shiga gidansa an gyara wa ɗansa zuciya ba da izininsa ba. Tambayar tana nan har yau, ban ce ta ƙarya ce ba. Abin da muka yi da ita shi ne abin kunyar.

Ran Laraba muka kira taro a makaranta. Ɗakin ya cika har tagogi. Aka tsayar da Nafi'u a gaba kamar wanda aka kama da kayan sata. Wani ya tambayi Malam Tukur ko da saninsa aka koyar da babin. Tun da safe ya riga ya cire takardar nan daga allo. Ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa, ya ce shi bai sa kowa ba, malaman da suka gabata duk tsallakewa suke yi, wannan gaban kansa ya yi.

Nafi'u ya juyo ya ce, "Yallaɓai, ka tuna dai."

Ya ce, "Ban tuna ba."

Ni kuma ina zaune a kujerar shugaba. Na san wanda ya buga tebur. Kalma ɗaya daga bakina da ta sauya taron. Na gyara hulata, na ce a yi shiru a saurari na gaba. Duk lokacin da Nafi'u ya buɗe baki zai yi bayani sai ihu ya rufe shi. Aka tashi a kan ya zauna a gida har sai ma'aikatar ilimi ta yi bincike.

Shi kuwa Malam Sa'adu, ya fi kowa sanin Nafi'u. Sun sha tattauna irin waɗannan batutuwa, ya sha bin sa salla. Amma a lokacin akwai wani matashin mai wa'azi da ya shigo gari yana janye masa samari, yana cewa limaminmu ya tsufa, ya zama abokin 'yan boko, har da Kirista yake shan fura. Kwana uku mutane suna sintiri a zaurensa suna cewa muna jiran mu ji me za ka ce ran Juma'a. Bai aika a kira Nafi'u ba, bai nemi sauran littafin ba. Ran Juma'a ya hau mumbari da yagaggen shafin a hannu. Bai ce a taɓa kowa ba, wannan na shaida. Amma ya ɗaga zanen sama, ya ce an kawo kafirci har cikin ajin 'ya'yanmu, kuma Allah zai tambayi duk wanda ya gani ya yi shiru. Lokacin bazara ne, rana tana dukan kai, mutane a cike suke tun kwana uku. Ana sallamewa samari suka miƙe suka nufi makaranta, wasu da duwatsu, wasu da sanduna, ɗaya da jarkar fetur. Dattawa muka bi baya. Na ce wa kaina zan je ne in ga abin da zai faru. Ban ɗauki dutse ba, ban kuma riƙe hannun kowa ba.

Yanzu ku saurari abin da kowane ɗaya cikin ukun ya yi.

Malam Tukur yana sahun baya a masallaci. Ana yin sallama ya fita ko takalmi bai tsaya nema ba, ya hau babur ya yanke ta gonaki, ya riga taron isa. Ya jawo Nafi'u da Zulai ya tura su ɗakin ajiye takardun jarrabawa, mai ƙofar ƙarfe, ya kulle, ya cusa mabuɗin a cikin hularsa. Taron ya fara da gidan Nafi'u. Suka fito da kayansa suka cinna wuta, suka zuba littattafansa duka, na boko da na addini, don babu wanda ya tsaya duba bango. Da ba su same shi ba suka juyo ofis. Suka tarar da Malam Tukur ya jingina bayansa da ƙofar ƙarfen. Ya zaro takardar nan daga aljihu, kwana uku tana jikinsa, ya ɗaga ta ya ce, "Ni na sa shi! Ga sa hannuna! Ƙarya na yi muku ran Laraba!" Suka ce ya ba da mabuɗi, ya ƙi. Dutse ya same shi a baki, sanda ta karya masa kafaɗa. Ya faɗi, ya ja jiki ya sake toshe ƙofar. Kusan rabin awa yana nan. A cikin wannan hali idonsa ya faɗo kaina a cikin taro. Ya san wanda ya matsa masa ya rubuta takardar. Bai kira sunana ba. Da bai riƙe ƙofar nan ba, da kafin wani taimako ya iso an gama.

Malam Sa'adu kuwa, yana fitowa ta ƙofar liman ya yi karo da Iliya. Ashe da hantsin ranar matar Iliya ta tsare shi ta ce sai ya saurari 'yarsa, wadda kwana biyu ba ta cin abinci. Rifkatu ta fassara masa sauran darasin layi-layi. Ya ce me ya sa ba ta faɗa ba tun farko. Ta ce, "Baba, ai ba ka tsaya ba." Ya ɗauko ta a mota suka yo masallaci, suka tarar an fara huɗuba. Yana tsaye a waje yana jin ta a lasifika, ba damar shiga. Da liman ya fito, yarinyar ta karanta masa abin da aka ja wa layi da abin da ke gefen shafi. Malam Sa'adu ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Can ya miƙe ya ɗauki lasifikar hannu ta masallaci, suka sauke yarinyar a gidan wata maƙwabciya, Iliya ya kai shi makaranta. Liman ya hau bayan motar, ya kwance rawaninsa ya ajiye a gaban kowa. Ya ce, "Jama'a, ni na tara ku, kuma a kan kuskure na tara ku. Shafi ɗaya na gani, ban karanta sauran ba, ban tambayi mutumin ba. An umarce mu mu bincika labari kafin mu yi hukunci, ni da nake koya muku haka ban yi ba. Wanda ke bayan ƙofar nan mai salla ne, na sha bin sa. Bai zagi kowa ba. Mai son taɓa shi ya fara da ni." Wani ya yi ihu ya ce an saye shi. Aka jefe shi da takalmi. Ya sauko ya ratsa taron, ya zauna kusa da Malam Tukur ya ɗora kansa mai jini a cinyarsa. Daga nan jikin manya ya yi sanyi. Wasu suka zubar da abin da ke hannunsu suka juya, wasu suka zo suka tsaya a jere a gaban ƙofar. Ni sai a lokacin na shiga layin, bayan na ga ya yi tsawo. Da liman bai ƙaryata kansa a bainar jama'a ba, da babu wanda ya isa ya raba taron nan.

Amma samari wajen talatin ba su tafi ba. Suka zaga bayan ginin da jarkar fetur suna neman hawa rufi. 'Yan sandan garinmu uku ne, ƙarin da aka kira daga hedikwatar ƙaramar hukuma ba su iso ba. Samarin suka cinna wuta ta baya, hayaƙi ya fara shiga ɗakin, muna jin tarin Zulai. A nan Iliya ya yo baya da a-kori-kurarsa har bakin baranda. Liman ya ciro mabuɗin daga hular Malam Tukur, aka fito da su biyun ta bayan layin dattawa, aka kwantar da su cikin buhunan albasa aka rufa tamfol. Iliya ya san abin da yake yi. Kirista ya ɗauke wanda ake zargi da taɓa addini, a irin wannan rana, ba kansa kaɗai ya jefa a haɗari ba, har da gidansa da unguwarsu. Wasu suka ce a nemi direba Musulmi. Aka waiwaya, duk direbobin da ya nuna wa shafin a tasha babu ko ɗaya da ya matso. Ya ce, "Ni na kunna, ni zan fitar da shi." A bakin ƙofar makaranta samarin suka gane. Dutse ya fasa gilashin gaba, tartsatsin ya shige masa idon hagu. Bai taka birki ba. Da ido ɗaya, jini yana zuba a rigarsa, ya yi tafiyar kusan awa guda a hanyar da ba kwalta har hedikwata. Sai da ya ga an shigar da su ofishin 'yan sanda sannan ya kife a kan sitiyari. Da bai fitar da su ba, da hayaƙi ya gama abin da duwatsu suka kasa.

Babu wanda ya fita lafiya a cikinsu. Malam Tukur, ma'aikata ta ɗora masa laifin rikicin, aka sauke shi wata bakwai kafin ritayarsa, hannunsa na dama har yau ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Malam Sa'adu, mutanen da ya hana zubar da jini su ne suka ce ba za su ƙara bin limamin da ya ce ya yi kuskure ba. Limancin da ya kai shekara tamanin a gidansu ya koma wani gida. Yanzu yara biyar ko shida yake karantarwa a zaure. Iliya ya rasa idon, ya daina tuƙin haya. Mutanen cocinsu suka yi fushi da shi, suka ce ya kusa jawo musu bala'i sau biyu, da ya kai shafin da kuma da ya ɗauki malamin. Wata uku iyalinsa suna gidan 'yan'uwa a wani gari. Su ukun in sun haɗu a hanya sukan gaisa, amma ba sa haɗa ido.

Bincike ya wanke Nafi'u, amma bai dawo ba. Ya nemi canjin aiki zuwa jiharsu. Shekara guda makarantarmu ba malamin bayoloji, don duk wanda aka turo sai ya nemi hanyar zillewa. Wanda muke da shi yanzu, in ya iso babin, naɗe shafukan yake yi. Har yau in zancen ya taso a garin, wasu su ce a koyar a ƙyale yara su san abin da duniya take faɗa, wasu su ce a cire shi daga manhaja gaba ɗaya, wasu su ce a koyar amma malamin addini yana zaune a ajin. Sai dai yanzu a hankali ake yin gardamar, kowa yana duban ƙasa.

Bayan shekara na kasa jurewa, na shiga mota na je na same shi. Na faɗa masa komai, har da buga teburin, har da shirun da na yi. Na so in durƙusa, ya riƙe ni. Ya ce, "Haba Baba Alhaji, na yafe tuntuni. Jifan ma bai dame ni sosai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, kwana huɗu ana maganata a garin da na koyar shekara biyu, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce, Nafi'u, me ka ce?"

To, ran Asabar da ta wuce ya kira ni a waya. Allah ya sauki Zulai lafiya, an sami ɗa namiji, na farinsu bayan shekara bakwai da aure. Ya ce yana son ya sa wa yaron sunan ɗaya daga cikin mutum ukun nan, don ba domin su ba da babu shi babu uwar yaron. Ya ce Tukur suna ne mai kyau, Sa'adu haka, Iliya kuwa sunan Annabi ne a wurinmu da wurinsu. Amma ya kasa zaɓa, domin duk wanda ya tuna alherinsa sai ya tuna ɗayan abin. Ya ce, "Baba Alhaji, kai ka zaɓa mini. Kai ka ga komai da idonka." Bai faɗa don ya soke ni ba, amma ta soke ni.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Malam Tukur ya ce, "Ni da na dubi idonsa na ce ban tuna ba? A ba Liman. Ni kafaɗa na rasa, shi gadon gidansu ya rasa." Malam Sa'adu ya ce, "Harshena ne ya tura mutane da fetur. Yaro ya tashi ana kiran sa da sunan wanda ya yi huɗubar? A ba Iliya, shi ne ya dawo da gaskiya, shi ne ya ba da ido." Iliya kuma ya ce, "Alhaji, da ban yage shafin nan ba, da Tukur bai yi ƙarya ba, da Liman bai hau mumbari da shi ba. A ba Tukur. Shi kaɗai ya tsaya a lokacin da babu kowa a gefensa."

Ga shi jibi ne suna, gobe da safe zan kama hanya, kuma dole in isa da suna ɗaya a bakina. Ɗaya ya yi ƙarya don tsoro, ya dawo ya tare ƙofa da jikinsa. Ɗaya ya yi hukunci ba bincike, ya dawo ya tsinka kansa a gaban mabiyansa. Ɗaya ya kunna wutar da garaje, ya dawo ya ratsa ta da ido ɗaya. Ni da na tsaya kallo ba ni da bakin yanke wannan hukunci ni kaɗai.

To, ku faɗa mini: Tukur, Sa'adu ko Iliya, sunan wa ya fi cancanta a raɗa wa yaron nan?